Noman Dutse a Tarabulus

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi, a tambayar mini su wace ƙofa ta buɗe musu. Ni dai na yi tafiya har inda ƙasa ta ƙare ruwan gishiri ya fara, kuma abin da na dawo da shi haushi ne. Ga shi gemuna ya yi fari fat, haushin bai huce ba.

Sunana Sale, makaɗin noma, daga wani ƙauye gabas da Minjibir. Gidanmu ke yi wa gidan Sarkin Noma kiɗa tun kaka da kakanni. Uwata ta rasu ina goye, sai Inna Kande matar Sarkin Noma ta haɗa ni da ɗanta Nomau, muka sha nono ɗaya. Da muka girma shi ya riƙi garma, ni na rataya ganga. A wajenmu kowane gwanin noma yana da takensa, kiɗan da shi kaɗai ake yi wa. In aka kaɗa wa mutum takensa a wurin gayya sai jikinsa ya tsumu, ya cilla garma sama ya cafe, ya yi kirari, ya duƙa noma. Ba a taɓa jin wanda aka kaɗa wa takensa ya yi shiru ba. Taken Nomau kuwa ni na tsara shi da hannuna.

Mahara suka ɗauke shi wata kaka yana girbi a gonar jeji. Shekaru suka shuɗe, kowa ya fid da rai ban da Inna. Kwatsam sai wani Buzu mai raƙuma ya sauka garinmu sayen gero, ya ce ya ga wani mai tsagar mutanenmu yana tallan ruwa da salka a birnin Tarabulus, har mutumin ya ambaci sunan ƙauyenmu. Gari ya haɗa jajayen fatu da turkuɗi na fansa, aka ɗora mini. Na ɗauki ƙaramar gangata na shiga ayarin wani Bagadamase, madugu daga garin Gadamas, don in dawo da shi.

A Agadas aka fara yi mini aski ba ruwa. Barorin madugu suka kwance kayana a gabana, suna ɗaga fatun suna duba su a rana, suna ware masu kyau.

Na ce, "Kai, lafiya? Kayan fansar mutum ne fa!"

Babbansu ya ce, "Haƙƙin hanya ne, Bakano."

"Wace hanya? Ubanka ne ya share ta?"

Ya yi dariya ya ce, "In ba ka so, ga ta nan, bi ta kai kaɗai."

Na dubi inda ya nuna, ban ga komai ba sai duwatsu baƙaƙe da rana. Haka suka tafi da fatun da suka ware.

Bayan duwatsun Asbin sai rairayi. Mu da muka saba ka fita daga wannan gona ka faɗa waccan, ko'ina ga dorawa ga rumbu ga mai ce maka sannu, sai ga ni a ƙasar da za ka wuni ba ka ga ko tsiron ƙaya ba. Bushewar iska ta fara tsattsage fatar gangata. Ɗan man shanun da ake raba mana na cin tuwo, nawa ganga nake shafa wa. Leɓɓana suka dare, Buzaye suna nuna ni suna dariya, wai ga mahaukacin da ke ciyar da itace yana barin cikinsa. Ban kula su ba, na san abin da nake tattali.

A Gat wani raƙumi ya taka mini ƙafa, na ɗura masa ashar tun daga kakarsa. Sai na ji murya a bayana tana cewa, "Ɗan nan, wannan zagin na ƙasar Kano ne." Wata tsohuwa ce mai sayar da itacen girki, haƙori ɗaya ya rage mata a gaba. Ta ja ni zuwa wata 'yar bukka, ta kwance wani ƙullin tsumma a cikin wani ƙullin, ta fito da ɗan guntun daddawa da garin kuka. Ta kaɗa mini miya. Ina ci hawaye na zuba cikin akushin, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ta ce daga wajen Bagwai aka kamo ta tun ba ta fara ɗaura zani a ƙirji ba.

Ta ce, "Har yanzu ana yin kalankuwa in an gama girbi?"

Na ce, "Ana yi, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To, madalla." Na miƙa mata turkuɗi guda, ta ture hannuna, ta ce in kai wa wanda aka aiko ni dominsa.

A Gadamas Bagadamasen da ya yi wa dattawanmu rantsuwa zai kai ni har gaban Nomau ya shige gidansa, cikin matansa da dabinonsa. Ya aiko bara ya ce mini ƙafarsa na ciwo, in bi yaransa masu kai kaya bakin teku. Ƙafar da ta ratsa sahara lafiya lau, sai da ta ga ƙofar gida ta tuna da ciwo.

Haka na isa Tarabulus ba ni da kowa. A masaukin fatake wani mutum ya tare ni da Hausa. Baƙi ne kamata, amma sanye da jar hula da 'yar shara irin ta mutanen garin. Ya ce sunansa Mabaruk, uwarsa Bakatsina ce, a nan aka haife shi, kuma babu lungun da bai sani ba. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Mai tallan ruwa ai tsakiyar gari yake bi. Mu zaga, za mu gan shi."

Muka zaga kuwa. Ya kai ni wata tsohuwar ƙofa ta farin dutse, rabinta ƙasa ta cinye, an sassaƙa mutane da wasu dabbobi masu fukafukai a jikinta. Ya ce mutanen farko suka gina ta, babu laka babu azara. Ya kai ni masallacin da aka lulluɓe bangonsa da tangaran shuɗi da kore, sumul kamar bayan ƙwai. Ya nuna mini jan gidan sarautar Turkawa a bakin ruwa, da manyan bindigogi a kansa. Muka ratsa kasuwa mai rufi inda rana ba ta taɓa ka, muka bi layin maƙeran tagulla inda ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka shiga wani ɗaki mai duhu da rana tsaka, an kunna fitila a bayan farin ƙyalle, inuwar wasu 'yan mutum-mutumin fata tana dambe tana zage-zage, manyan mutane masu gemu suna riƙe ciki don dariya. Ga mai wasa da maciji, ga mai biri, ga makaho mai ba da labari da sanda.

Ba zan yi ƙarya ba, abubuwan suna da kyau, kuma shi ne ma ya fi ba ni haushi. Ni ina duban ƙafafun masu salka, shi yana cewa in ɗaga kai in ga zanen rufi. Kullum in na ce, "Mabaruk, Nomau fa?" sai ya ce, "Gobe in sha Allah. Amma ka ga wancan?" Sai daga baya na lura duk inda muka shiga ana miƙa masa gurasa da ɗan kofin gahawa, mutane kuma su kewaye ni, wani ma har ya kai yatsa ya taɓa tsagar fuskata. Ashe ba ni ake kai wa kallo ba, ni ake kaiwa a kalla. Mutanen garin nan ba su da aiki sai kallo. In ka faɗi matacce a gabansu sai sun gama duban yadda ka faɗi kafin wani ya ce innalillahi.

Na ce to, ido ya kasa, bari in yi abin da na iya. Na ɗaure gangata na fita. Na kaɗa taken Nomau a bakin rijiyoyi, na kaɗa a ƙofar gari, na kaɗa a bakin ruwa inda jirage ke tsayawa. Masu wucewa suna jefo mini 'yan kuɗinsu, ni ina sa ƙafa ina watsar da su, Mabaruk yana bi yana tsincewa.

Wata ranar hantsi na tsaya a filin da ke gaban farar ƙofar nan, daura da wani gidan gahawa. Na sa gula a ganga na fara. Can sai na hango wani ya ɓullo daga lungu, salka a bayansa, ya tanƙware, yana jan ƙafar hagu a ƙasa. Ya tsaya cak. Ban gane shi ba, don Nomau da na sani ba ya shiga ƙofar zaure sai ya sunkuya, wannan kuwa ya shanye. Na ga ya juya zai koma, ya yi taku biyu, ya dafa bango. Kafaɗunsa suka fara rawa. Nan na gane shi ne, na ƙara wa gangar wuta.

Sai ya yar da salkar, ruwa ya malale. Ya miƙe tsaye sambal. Akwai magina a gefe suna kwaɓa ƙasa, ya fizge fartanyar ɗayansu, ya cilla ta sama har ta wuce kan ƙofar dutsen, ya yi tsalle ya cafe ta da hannu ɗaya. Ya buɗe murya:

"Sai ni Nomau na Kande! Ɗan Sarkin Noma, jikan Sarkin Noma! Rana ta san bayana, ƙasa ta san hannuna! In na duƙa, rago ya nemi inuwa!"

Ina kiɗa ina kuka, shi yana juyi yana kuka. Filin ya cika maƙil, har kan soraye mata suna leƙe. Aka yi ta tafi ana ihu. Da na tsaya ya rungume ni, muka zube ƙasa tare. Yana haki ya ce mini a kunne, "Sale, mun shiga uku."

Na ce, "Wane irin uku, ga shi na gan ka?"

Ya ce, "Dubi ƙofar gidan gahawa."

Wani farin mutum mai tumbi ne tsaye, yana jan carbi, yana duban ƙafar Nomau ta hagu. Shi ne ubangidansa, Sidi Faraj, mai gidan gahawar.

Nomau ya ce, "Tun shekarar da aka kawo ni nake jan ƙafar nan, kuma lafiyarta ƙalau. Na ga inda ake kai masu ƙarfi, jirgin ruwa ake zuba su, ba mai ƙara jin labarinsu. Mutumin nan ya gaji da ciyar da gurgu. Da fatar akuya guda ka miƙa masa, da ya ba ka ni har da godiya."

Na ce, "To don me ba ka daure ba?"

Ya nuna mini leɓensa, ashe ya cije shi har jini. Ya ce, "Kai da ka tsara shi, ka taɓa ganin wanda ya daure?"

Na kwashe duk abin da ya rage na fatu da turkuɗi na zube gaban Sidi Faraj, Mabaruk yana yi mana tafinta. Ya sa ƙafa ya ɗan taɓa su. Ya ce gurgu ne na sayarwa, kuma gurgun ya warke, wannan da ke tsaye ba na sayarwa ba ne. Na ce Nomau ɗa ne ba bawa ba, musulmi ɗan musulmi, sato shi aka yi. Mabaruk bai ma juya maganar ba, ya ce mini, "Ina shaidunka? Suna Minjibir?" Daga nan Sidi ya sassauta murya. Ya ce shi mai tsoron Allah ne. Mu yi wa baƙinsa irin wannan wasa har lokacin da ayari zai juya kudu, sa'an nan ya karɓi kayan ya sallame mu. Ya sa aka kai kayan ɗakinsa, wai ajiya. Me zan ce? Na yarda.

Abin da ya biyo baya shi ne har gobe in na tuna sai abinci ya fita raina. Ba su bar shi ya yi a yadda yake ba. Suka ɗinka masa wani bante na fatun kuraye, suka rataya masa wuri da ƙasusuwa da 'yan madubai, suka kafa masa gashin jimina a ka, wai haka mutanen ƙasarmu ke shiga gona. Wace gonar? A gidan uban wa? Suka sa maƙeri ya yi masa wata garma mai ƙyalli da ƙararrawa a ƙota, wadda ko kunyar gyaɗa ba za ta tayar ba. Kullum da la'asar a jera kujeru a filin, a kawo gahawa. Ni in kaɗa, ɗan Sarkin Noma ya cilla, ya cafe, ya yi kirari, ya duƙa yana noman daɓen dutse. Ƙarfe na kartar dutse, wuta na tartsatsi, su kuma suna tafi. Mutumin da in ya shiga gona gari guda ke cin tuwo, shi ne aka sa tsakanin mai biri da mai maciji.

Turkawa masu jajayen huluna suka zo, Larabawa suka zo, har Nasara da matansu masu laima. Wani Banasare ya kafa allo yana zana Nomau, ya aiko a ce masa ya ƙara zare ido ya buɗe haƙora. Masu zagawa da baƙi suka sa mu a cikin hanyarsu: daga masallacin tangaran sai farar ƙofa, daga farar ƙofa sai manomin Sudan, wai haka suke kiran ƙasarmu. Gidan gahawar da dā ƙudaje suka fi mutane yawa ya koma ba masaka tsinke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mabaruk kuwa kullum yana tsugune kusa da ni, idonsa a kan hannuna. Ya roƙe ni in koya masa, na ce take ba waƙar 'yan mata ba ce da kowa zai ɗauka. Ya yi murmushi ya ce ai shi sha'awa kawai yake yi.

Da ayari ya gama ɗaure kaya, na je wa Sidi Faraj da safe na ce alkawari ya cika. Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce wane alkawari? Fatun ai sun tafi a ci da shan da na yi a gidansa. Jinina ya hau kaina. Na ce to madalla, ni da gangata za mu tafi, in ga abin da zai tayar masa da manomin, sai dai ya koma tallan ruwa. A zatona na kama shi a wuya. Sai ya tafa hannu. Mabaruk ya fito daga ciki da wata 'yar gangar yumɓu irin tasu a hammata, ya zauna, ya fara.

Taken Nomau ne. Ya karkace, ya gurgunce, babu nauyi babu gishiri, ko akuya ba za ta ɗaga kai dominsa ba. Amma su waɗancan me suka sani? A kunnensu duk ɗaya ne. Aka fito da Nomau cikin fatun nan, wani ƙato yana biye da shi da bulala a naɗe a hannu. Wannan karon babu tsuma, jikinsa bai amsa komai ba, bulalar ya duba ya ɗauki garmar. Mutane suka fara taruwa tun ba a jera kujeru ba.

Na yi niyyar in fasa gangar yumɓun a kan mai ita, in ya so a yi duk wadda za a yi. Na kuma ƙudura ba inda za ni, in zauna ko da shara zan riƙa yi, har Allah ya kawo wata dabara. Nomau ya karanci fuskata. Ya cilla garmar ya cafe, ya buɗe murya kamar zai yi kirarinsa na kullum, da irin karinsa da irin tsawarsa:

"Sale ɗan Inna, kada ka tsaya! Ya yi cinikinka da mai jirgi, da kunnena na ji! Ayari na fita kai ma ka zama kaya! Kama hanya yanzu, kada ka koma ɗaukar komai! In ka tsaya ban yafe ba! Mutum biyu ba za su ɓace wa tsohuwa ɗaya ba!"

Aka ɗauki tafi. Wata mai laima har da jefa masa fure. Sidi Faraj ya sunkuya ya tambayi Mabaruk me yake cewa yau, don ya ji maganar ta fi ta kullum tsawo. Lokacin na fara tsintar Larabci. Na ji Mabaruk ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Yabon kansa yake, kamar kullum." Wannan kaɗai ne alherin da na san ya yi, kuma bai isa ya wanke shi a wurina ba.

Na ja da baya cikin taron, na bi ta ƙarƙashin farar ƙofar, na ratsa kasuwa mai rufi. Har na kai ƙofar gari ina jin gurguwar gangar nan da ƙarar ƙarfe a kan dutse. Na tsine wa garin, da tangaransa da gahawarsa da duk mai idon da ya zauna a kujerun nan, kuma har yau ban janye ba.

Na biyo ayarin, na iso gida ana tsakiyar noman farko. Sarkin Noma ya rasu bayana. Inna Kande na zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake da lalube, idonta ya tafi. Ta ji sallamata ta saki ƙwaryar.

Ta ce, "Sale? Ka gan shi?"

Na ce, "Na gan shi, Inna."

"Da ransa?"

"Da ransa."

Ta laluba ta kamo gangar da ke kafaɗata, ta shafa fatar. Ta ce, "Ka kaɗa masa?"

"Na kaɗa."

"Ya amsa?"

Na ce, "Ya amsa, Inna. Ya cilla sama ya cafe."

Ta ce, "Na sani! Na san ba su karya mini shi ba!" Ta miƙe da ƙyar ta rangaɗa guɗa, matan gida suka fito da gudu suna taya ta, maƙwabta suna leƙowa ta kan danga. Ni kuwa ina tsaye a tsakar gida da ganga a kafaɗa, ina jira ta gama ta tambaye ni ina yake.